Yadda ake ganowa da gyara rikicewar bayanai a jerin akwatunan alama mai tsara kansa

Wata shekara, gab da lokacin dashen albasa, na rubuta wa wata ƙungiyar manoma da ke Tawa ƙaramar manhaja ta kwamfutar ofis, wadda aikinta bai wuce a zaɓi garuruwan da za a kai wa taki, a danna maɓalli, takardar rabo ta fito ba. Tagar manhajar tana da jerin sunayen garuruwa, kowane suna da ɗan akwati a gefensa inda ake sa alama, kuma don sakatare ya riƙa samun suna da sauri sai na kunna siffar da ke sa jerin ya tsara kansa bisa haruffa. Bayan mako biyu ma'ajin ƙungiyar, wani dattijo, ya kira ni ina Yamai ya ce: "Ɗana, Buza muka sa wa alama, amma takarda ta fito da Abalak, ga direba yana jira." Na ce masa: "Baba, ku yi haƙuri, kada a loda komai sai na duba." Manhajar ba ta tsaya ba, ba ta nuna saƙon kuskure ba, abin da ke allo daidai yake, abin da ta ajiye ne ba daidai ba. Laifin nawa ne, kuma tushensa guda ne: na ɗauki lambar layi a matsayin shaidar gari, alhali a jerin da ke tsara kansa lambar layi tana canjawa duk lokacin da aka ƙara suna ko aka cire.

Mataki na farko: a san inda kowane abu yake zaune

Kowane layi a irin wannan jeri yana ɗauke da abubuwa uku, wato rubutun da ido ke gani, da halin akwatin ko da alama ko babu, da kuma bayanin da aka liƙa wa layin a ɓoye, wanda galibi lambar shaida ce daga rumbun bayanai. Rikici yana faruwa ne idan ɗaya daga cikin ukun ya matsa sauran biyu ba su bi shi ba.

A Windows, jerin asali mai suna ListBox ba shi da akwatin alama ko kaɗan. Abin da yake da shi shi ne rubutu da gurbi guda ɗaya na ajiyar lamba ga kowane layi, wanda manhaja ke rubutawa ta aika wa jerin saƙon umarni mai suna LB_SETITEMDATA, ta karanta da LB_GETITEMDATA. Saboda haka kowane laburare, wato tarin kayan aikin da masu rubuta manhaja ke gina tagoginsu da shi, ya gina nasa akwatin a kan wannan jerin, yana zana shi da kansa, yana kuma nema wa alamar wurin zama: MFC yana da CCheckListBox, Delphi yana da TCheckListBox, Windows Forms yana da CheckedListBox, wxWidgets kuma yana da wxCheckListBox. TCheckListBox na Delphi yana ajiye halin akwatin ne a cikin wannan gurbin guda ɗaya, tare da bayanin mai rubuta manhaja a naɗe wuri guda, don haka wanda ya tsallake laburaren ya aika LB_SETITEMDATA kai tsaye ya rubuta ne a kan abin da laburaren ke dogaro da shi. Tsofaffin takardun bayanin wxWidgets ma sun yi gargaɗi cewa wxCheckListBox yana amfani da wannan gurbin don bukatar kansa. Kafin a taɓa komai, a buɗe takardun bayanin sigar laburaren da ake aiki da ita a tabbatar da wanda ya mallaki gurbin, domin wanda bai san wannan ba zai yi ta gyara a inda matsalar ba ta.

Mataki na biyu: a maimaita kuskuren da sunaye huɗu

Ba na ba da shawarar a fara bincike da ainihin jerin sunaye ɗari uku. A ɗauki sunaye huɗu waɗanda tsarin shigarsu ya saɓa wa tsarin haruffa, a bi su da alƙalami da takarda. Ga waɗanda na yi amfani da su, bisa yadda suke fitowa daga rumbun bayanai: Madawa mai lamba 101, Abalak mai lamba 102, Keita mai lamba 103, Buza mai lamba 104. A tuna cewa kwamfuta tana fara ƙirga layi daga 0. Idan aka shigar da Madawa, tana zama a layi na 0. Da zarar Abalak ta shigo sai ta karɓe layi na 0, Madawa ta koma na 1. Keita ta shiga tsakaninsu a layi na 1, Madawa ta koma na 2. Buza ta shiga layi na 1, sai jerin ya tsaya a haka: Abalak 0, Buza 1, Keita 2, Madawa 3.

Kuskuren da na yi shi ne ajiye lambobin shaida a wani jeri na gefe bisa tsarin shigarsu, inda gurbi na 0 ke riƙe da 101, na 1 ke riƙe da 102, na 2 da 103, na 3 da 104. Sakatare ya sa wa Buza alama, manhaja ta tambayi taga wane layi ne, aka ce na 1, ta duba gurbi na 1 a jerin gefe ta tarar da 102, wato Abalak. Abin da ya sa kuskuren ya ɓuya shi ne Keita, wadda ta faɗa a layi na 2 ta kowane ɓangare, don haka duk wanda ya gwada da ita zai ga komai lafiya. Haka nan idan rumbun bayanan gwaji ya riga ya fito da sunaye a jere bisa haruffa, kamar yadda nawa ya kasance, ba za a taɓa ganin aibin ba har sai ranar da aka ƙara sabon suna a ofis.

Akwai fuska ta biyu ta wannan kuskure, wadda ta fi muni. Mai rubuta manhaja yana zagayawa da maƙirgi daga 0 zuwa 3, a kowane zagaye ya shigar da suna sannan ya liƙa lambar shaida a layin da maƙirgin ya nuna. A zagaye na farko Madawa ta samu 101, daidai ne. A na biyu Abalak ta zauna a layi na 0, amma an liƙa 102 a layi na 1, inda Madawa take a lokacin. A na uku an liƙa 103 a layi na 2, Madawa ce dai a wurin, a na huɗu kuma an liƙa 104 a layi na 3, har yanzu ita ce. Sakamakon shi ne Madawa tana ɗauke da lambar Buza, sauran garuruwan uku kuma ba su da komai sai sifiri. Idan abin da ake liƙawa adireshin wani wuri ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta maimakon lamba, to sifirin nan shi zai kashe manhajar ranar da aka taɓa ɗaya daga cikinsu, kuma a wurina wannan sa'a ce, domin manhajar da ta faɗi ta fi wadda ke rubuta ƙarya a rumbu ba tare da kowa ya sani ba.

Fuska ta uku tana kama waɗanda suka ɗan waye. Sun san cewa umarnin shigarwa yana mayar da lambar layin da sunan ya zauna, sai su tara waɗannan lambobi don su sa alama bayan an gama cika jerin. A misalinmu lambobin da aka mayar su ne 0, 0, 1, 1, kuma kowace daga cikinsu gaskiya ce a daidai lokacin da aka bayar da ita kawai, shigowar suna na gaba ta mayar da ita tsohon labari.

Mataki na uku: gyaran gaggawa

Idan direba yana jira, ga abin da za a yi cikin minti kaɗan. A karɓi lambar layin da umarnin shigarwa ya mayar, a yi amfani da ita nan take wajen liƙa lambar shaida da sa alama, kafin a shigar da wani suna, sannan a jefar da ita. LB_ADDSTRING yana mayar da wannan lamba, haka AddString na MFC, da Items.Add na Delphi da Windows Forms, da Append na wxWidgets. A kuma duba ta kafin amfani, domin Windows yana mayar da LB_ERR, wato -1, idan an samu kuskure, ko LB_ERRSPACE, wato -2, idan wuri ya ƙare, kuma wanda ya miƙa waɗannan a matsayin lambar layi ya ƙara wa kansa aiki.

Inda laburare ya ba da damar shigar da komai a umarni guda, wannan ya fi. Delphi yana da Items.AddObject da ke karɓar rubutu da abin liƙawa tare, Append na wxWidgets yana karɓar bayanin gefe tare da rubutu, a Windows Forms kuma ana iya shigar da abu cikakke mai ɗauke da suna da lambar shaida, har a faɗi halin akwatinsa a cikin Items.Add ɗin, jerin ya nuna rubutun da ToString ya bayar. Daga nan a goge jerin gefe gaba ɗaya, a riƙa karanta lambar shaida daga layin da kansa, misali a Windows Forms ta CheckedItems, mai bayar da abubuwan da aka sa wa alama, maimakon CheckedIndices, mai bayar da lambobin layinsu kawai.

Mataki na huɗu: a fitar da gaskiyar bayani daga cikin taga

Gyaran gaggawa yana toshe ramin da aka gani, amma tsugune ba ta ƙare ba muddin taga ce kaɗai ta san wanda aka sa wa alama. Abin da na koma yi tun daga wancan lokaci shi ne riƙe tarin lambobin shaidar da aka zaɓa a cikin manhajar, nesa da jerin da ke allo: irin wannan tari sunansa HashSet a yaren C#, std::set a yaren C++, QSet a laburaren Qt. Idan mai amfani ya sa alama, sai a karanta lambar shaidar layin a ƙara ta cikin tarin, idan ya cire sai a fitar da ita. Duk lokacin da jerin zai canja, ko don an ƙara suna, ko an tace shi da akwatin bincike, ko an sake lodo daga rumbu, sai a share shi a sake cika shi, kowane layi ya samu alamarsa bisa ko lambarsa tana cikin tarin. Maɓallin ajiyewa kuma ba ya tambayar taga komai, tarin yake karantawa.

Amfanin wannan ya wuce maganin tsari. A ce sakatare ya sa wa garuruwa biyar alama, sannan ya rubuta harafin M a akwatin bincike, jerin ya rage saura Madawa da Malbaza. Manhajar da ke karanta alama daga taga za ta manta da duk waɗanda suka ɓace daga allo, ita kuwa mai tarin lambobi tana riƙe da su har a share binciken. Lambar shaidar dole ta kasance wadda rumbun bayanai ya bayar kuma ba ta canjawa, kuma a fara ta daga 1, domin 0 yana nufin ba a liƙa komai ba, -1 kuma shi ne amsar kuskure ta LB_GETITEMDATA, don haka lambar shaida da ta yi daidai da ɗayansu ba za a iya bambanta ta da aibi ba.

Wasu sun fi son kashe siffar tsarin taga gaba ɗaya, su tsara bayanan da kansu kafin su shigar, ta yadda layin allo da na jerin manhaja za su zama ɗaya. Hanya ce mai kyau, ni ma ita nake bi a yanzu saboda dalilin haruffa da zan kawo a gaba, amma ko da ita ina ci gaba da liƙa lambar shaida, domin wata rana wani zai gaji aikin, ya ga akwatin Sorted, wato siffar da ke sa jeri ya tsara kansa, a tagar siffofi, ya kunna shi da kyakkyawar niyya.

Mataki na biyar: sanarwar sa alama

A nan laburarorin suka saɓa wa juna, kuma wanda ya saba da ɗaya ya koma wani yakan faɗa rami. A Windows Forms sanarwar ItemCheck, wadda jeri ke aika wa manhaja idan aka taɓa alama, tana zuwa kafin halin akwatin ya canja, don haka wanda ya ƙirga CheckedItems a cikinta zai samu adadin da ya gabata, jimillar buhunan da ke ƙasan taga ta riƙa bin baya da mataki ɗaya. Abin da za a karanta shi ne e.NewValue don sanin sabon hali, da e.Index don sanin layin, kuma kada a maye gurbin e.Index da SelectedIndex, domin layin da aka haskaka daban, layin da alamarsa ke canjawa daban, musamman idan manhajar ce ke sa alamar da kanta. Wannan sanarwa tana tashi har lokacin da manhaja ta kira SetItemChecked, haka ma itemChanged ta Qt tana tashi ga canjin da manhaja ta yi, alhali Check na wxWidgets ba ya tayar da sanarwar komai. Ma'anar wannan ita ce, yayin sake cika jeri, sanarwar na iya shiga tarin lambobin tana taɓa shi ana tsakiyar karanta shi. Maganin shi ne a ɗaga wata tuta, wato alamar eh ko a'a da ke cikin manhaja, kafin a fara cikawa, sanarwar ta duba tutar ta koma ba tare da yin komai ba, a sauke ta bayan an gama, kuma a sa saukewar a cikin finally, sashen da ke gudana ko da an samu kuskure, don kada kuskure a tsakiya ya bar ta a ɗage har abada. A Qt, QSignalBlocker yana yin wannan aikin.

Kada kuma a ƙara layi ko a cire shi daga cikin sanarwar kanta, domin laburaren yana riƙe da lambar layin da zai kammala aikinsa da ita bayan an dawo masa, kuma idan jerin ya matsa a tsakani alamar za ta sauka a kan maƙwabci. A jinkirta canjin da BeginInvoke a Windows Forms ko CallAfter a wxWidgets. Haka nan idan ana lodo daga rumbu a wani zaren aiki na daban, kada wannan zaren ya taɓa taga da kansa, ya miƙa sakamakon ga zaren da ya ƙirƙire ta.

Wani ɗan abu da ba rikicewar bayanai ba ne amma yana kama da ita: a CheckedListBox siffar CheckOnClick a kashe take tun asali, danna farko yana haskaka layi ne kawai, sai na biyu ke sa alama. Na taɓa ɓata yini ina neman aibi, ashe mai amfani yana danna sau ɗaya ya wuce.

Mataki na shida: canza tsari, canza suna, sakawa a tsakiya, da gogewa

Salon LBS_SORT na Windows ana bayar da shi ne lokacin ƙirƙirar jerin, ba a canza shi daga baya, shi ya sa Delphi ke rushe tagar jerin ya sake gina ta idan aka sauya siffar Sorted manhaja tana gudana. Duk wani abu da ya ratsa irin wannan sake gini yana bukatar gwaji, kuma mafi sauƙi a tsayar da siffar tun jerin yana fanko, kada a sake taɓa ta.

Canza suna ma haka yake. Jerin Windows ba shi da saƙon sauya rubutun layi, sai dai a goge layin a shigar da sabo, don haka dole a karanta lambar shaida da alama kafin gogewa a mayar da su bayan shigarwa, a sabon layin da umarnin ya bayar. Mai tarin lambobi ba ya wannan wahalar, sake cika jerin kawai yake yi.

Umarnin sakawa a wani layi na musamman shi ne ya fi rikitarwa, domin kowa da halinsa. LB_INSERTSTRING ba ya kula da LBS_SORT, yana ajiye sunan inda aka ce, jerin ya daina zama a tsare ba tare da sanin kowa ba. Items.Insert na Windows Forms kuma yana watsi da lambar da aka ba shi idan Sorted a kunne take, ya kai sunan inda haruffa suka nuna, wanda ya ɗauka sunan yana inda ya nema sai ya sa wa wani alama. wxWidgets ya hana Insert a jeri mai tsari gaba ɗaya. A jerin da ke tsara kansa, a bar wannan umarni.

Wajen goge layukan da ke da alama, a fara daga na ƙarshe a dawo na farko, domin idan aka fara daga sama, goge layi na 1 yana jawo na 2 ya zama na 1, maƙirgi ya wuce gaba ya tsallake shi. Idan abin da aka liƙa adireshin ƙwaƙwalwa ne, a tsayar da wanda ke da alhakin sakin sa, taga ko manhaja, kada a sake shi sau biyu, kuma a tsohuwar manhajar da aka mayar zuwa bit 64 a bincika duk inda aka matse adireshi cikin int ko DWORD, domin rabinsa na sama yana yankewa. Gurbin ajiyar layi girman adireshi yake, shi ya sa SetItemData na MFC ke karɓar DWORD_PTR.

Mataki na bakwai: sunayenmu da haruffanmu

Wanda ya gane cewa lambar layi ba abin dogaro ba ce yakan koma neman layi da suna, sai ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. A ƙungiyar da ke da mambobi ɗari, samun Abdu biyu ko Hadiza uku masu sunan uba ɗaya ba abin mamaki ba ne, kuma IndexOf yana mayar da na farkon da ya tarar, ko shi ake nema ko ba shi ba. LB_FINDSTRING ma farkon rubutu kawai yake dubawa, don haka idan an riga an cire Ali daga jerin, neman Ali zai kawo Aliyu. LB_FINDSTRINGEXACT yana duba rubutun gaba ɗaya, amma shi ma ba ya bambanta babban harafi da ƙarami. Kama da wane ba ta wane, kuma ga masu suna ɗaya ya kamata a nuna ƙauye ko lambar kati a gefen sunan, don shi kansa sakatare ya san wanda yake zaɓa.

Sai haruffa masu ƙugiya. A Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ɓ tana lamba U+0253, ɗ tana U+0257, ƙ tana U+0199, ƴ kuma tana U+01B4, dukkansu nesa da haruffan a zuwa z, saboda haka tsarin da ke kwatanta lambobin haruffa tsagwaronsu zai jefa Ɗahiru da Ƙasimu can bayan Zakari, alhali tsarin da ke bin ƙa'idar harshe zai iya ajiye su wani wuri daban. Wannan yana da haɗari ga mai dabarar da ya ce zai tsara jerin gefensa shi ma don ya dace da na taga: rumbun bayanai yana da nasa tsarin, manhaja tana da nata, Windows kuma yana bin saitin harshen kwamfutar, kuma babu tabbacin kwamfutar ofis mai saitin Faransanci za ta jera sunaye kamar ta mai rubutu. A Nijar muna rubuta ƴ, a Najeriya ana rubuta 'y, ita kanta wannan alamar da ke gaban y tana da siffofi fiye da ɗaya, kamar U+0027 da U+2019, kuma tsarin kwatanta kalmomi na Windows yana ba ta nauyi kaɗan tare da karan haɗi. Sunayen da aka rubuta da ƙa'idar Faransanci suna da nasu: é na iya zama harafi guda, U+00E9, ko e da alamar U+0301 a bayanta, ido ya ga abu ɗaya, kwamfuta ta ga biyu, sai an daidaita su da NFC, ƙa'idar Unicode da ke mayar da su siffa guda, kafin ajiyewa. Tsofaffin manhajojin da ba na Unicode ba, irin waɗanda aka gina da Delphi kafin sigar 2009, idan suna kan shafin haruffa Windows-1252 ba su da gurbin ƙugiya ko ɗaya, harafin yana lalacewa tun kafin ya isa jerin.

Ga masu Qt, GTK da Java

Waɗannan sun raba bayani da abin da ke allo tun asali, amma kuskuren yana nan da wata riga. Layin da QSortFilterProxyModel ya bayar sai an mayar da shi da mapToSource kafin a taɓa bayanan asali, a JTable na Java ana amfani da convertRowIndexToModel, a GTK kuma GtkTreeModelSort yana da umarnin mayar da matsayin layin allo zuwa matsayinsa a bayanan asali da ke ƙarƙashinsa. A QListWidget a liƙa lambar shaida da setData a Qt::UserRole, kuma takardun Qt sun yi gargaɗi game da QTableWidget cewa layi yana matsawa nan take idan aka cika gurbin da ake tsari da shi, don haka a kashe setSortingEnabled yayin cikawa.

Mataki na takwas: gwaji, da gyaran abin da ya riga ya lalace

A rubuta ɗan aikin bincike wanda zai bi kowane layi ya karanta lambar shaidarsa, ya nemo sunan da rumbu ya ba wannan lamba, ya kwatanta da rubutun da ke allo, ya kuma tabbatar babu lambar da ta fito sau biyu ko ta zama sifiri, kuma adadin alamomin allo bai saɓa wa tarin ba. A kira shi bayan kowane canji a sigar gwaji. A ciyar da jerin da sunaye a juye daga ƙarshe zuwa farko, da sunaye a barkatai, da sunaye biyu iri ɗaya, da masu ƙugiya, da jeri mai layi ɗaya, da fanko, sannan a maimaita a kwamfuta mai saitin Faransanci. Kafin ajiyewa kuma manhajar ta nuna wa mai amfani sunayen da za ta rubuta, waɗanda ta nemo daga rumbu ta lambar shaida, domin da akwai wannan taga da sakatare ya ga Abalak tun kafin takarda ta fito.

Saura bayanan da aka ajiye kafin gyara. Da farko a ɗauki kwafin rumbun a ajiye gefe. Kuskuren jerin gefe yana da ƙa'ida, don haka ana iya warware shi idan an san tsarin shigarwa da tsarin allo na ranar da aka yi ajiyar. A misalinmu, duk inda rumbu ya ce Abalak, Buza aka zaɓa, inda ya ce Madawa, Abalak ake nufi, inda ya ce Buza, Madawa ce, Keita kuma tana nan yadda take. Sai dai wannan taswira tana canjawa duk ranar da aka ƙara suna ko aka cire, don haka sai an raba bayanan bisa kwanan wata, kowane zango da taswirarsa, kuma inda ba a san ranar da jerin ya canja ba lissafi ba zai fitar da komai ba. Kuskure na biyu, wanda ya bar layuka da sifiri, ba ya warwaruwa da lissafi ko kaɗan. A Tawa littafin ma'aji ne ya fitar da mu, domin dattijon bai daina rubuta kowane rabo da hannu ba duk da zuwan kwamfuta. Na hau mota na je, muka zauna da shi da sakatare bayan la'asar, yana karanto layi ina dubawa a allo, har muka kammala takardun mako biyun.